Injin dizal kashi nawa ne, kuma wanne ke iya aiki a tudun Jos?

Ɗan Koyo, Farin Gada:
Assalamu alaikum iyayen gida. A yi mini haƙuri da doguwar tambaya. Injin dizal kashi nawa ne? Wani ya ce a ƙirga silinda, wani ya ce a duba ko da tobo, wani kuma ya ce mai famfo da komon-rel kawai ake da su. Sannan me ya sa kusan duk tirelar da ke fama da Hawan Kibo silinda shida ce a jere? Sauran fasalin ne ba sa yiwuwa, ko tsada ce?

Malamin Fasaha:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kowa a cikinsu gefe ɗaya ya kama. Inji guda yakan faɗa rukuni shida ko bakwai lokaci ɗaya. Ɗauki 1HZ na Land Cruiser: mai taku huɗu ne, wato shaƙa, matsewa, ƙonewa, fitar da hayaƙi, silinda shida a jere, lita 4.2, babu tobo, ruwa ke sanyaya shi, nozul ɗinsa cikin wani ɗan kogo yake fesa mai, kuma yana sahun masu gudu. Kowanne a nan hanyar rarrabewa ce mai zaman kanta.

Ni da gudu nake farawa, don shi ke hukunta sauran. Masu juyi ƙasa da 300 a minti na manyan jiragen ruwa ne. Akwai RTA96-C na Wärtsilä: silinda 14, faɗin kowace santimita 96, fistin yana tafiyar mita 2.5, juyinsa 102 kacal, ƙarfinsa kuwa wajen kilowat 80,000. Daga 300 zuwa 1000 na jirgin ƙasa ne da tashoshin lantarki. Sama da 1000 namu ne, mota da tarakta da tifa da janareta.

Ga lissafin da ya kamata ka haddace. Tsawon tafiyar fistin sau biyu, sau yawan juyi, a raba da 60, shi ne mitocin da fistin ke ci a daƙiƙa. Ƙaton jirgin nan 8.5 yake bayarwa. Perkins 1104, mai tafiyar milimita 127, a juyi 1500 yana ba da 6.4. 1HZ a juyi 3800 yana kai 12.7. Duk bambancin girmansu, a ɗan tsakanin nan suka taru. Injin aiki in ya haura 13 ko 14, ringi da silif ba sa jimawa. Don haka ƙaton inji mai tsananin gudu ba ya ƙeruwa, ko wa ya zana shi.

Baba Mai Famfo, Dilimi:
Malam, karatunka daidai ne, amma na aji ne. Yaron gareji abin da zai fara cin karo da shi shi ne yadda mai ke shiga. Masu ɗan kogo a cikin kan inji, irin Peugeot 504 mai dizal, 5L na Hiace da Hilux, da 1HZ ɗin da ka ambata, matsinsu 21 zuwa 23 ne bisa ɗaya. Kogon nan yana shanye zafin iskar da aka matse, shi ya sa ba sa tashi da safe sai da hita, wato fulogin da ke ɗumama kogon. A watan Disamba da Janairu, lokacin da sanyin Jos ke sa mutum ya ƙi taɓa sifana, hita biyu suka mutu cikin huɗu to sai farin hayaƙi da kashe batir. A cire kowace a auna ta. Mai lafiya wajen om 1 take nunawa ko ƙasa. Kuma a daina shaƙa musu fetur a bakin iska. Yana kamawa tun fistin bai iso sama ba, ya karya ringi ko ya tsaga kogon.

Masu fesawa kai tsaye a ramin da ke kan fistin su ne OM352 na Marsandi 911, Perkins na tarakta da janareta, Howo, MAN, DAF. Matsinsu 16 zuwa 18. Sun fi saurin tashi, sun fi ƙara, kuma suna rage shan mai da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. A kan na'urar gwaji, nozul mai huda ɗaya na masu kogo yana buɗewa tsakanin bar (ma'aunin matsi) 110 da 155, mai huda da yawa kuma daga wajen 180 zuwa 250. Wanda ya saita wannan da ma'aunin wancan ya gama da injin.

Komon-rel, wato mai bututu ɗaya da ke tara mai a matse yana raba wa duk injektoci, ya shigo ƙananan motoci a 1997 da matsin bar 1350, na yanzu sun wuce 2000. Hilux mai 2KD, 1KD da 1GD duk su ne. Ratar da ke cikin injektansu ba ta wuce 'yan maikiron, saboda haka filtarsu ta maikiron 2 zuwa 5 ce, kuma ruwa kaɗan a cikin mai ya isa ya cinye su. Kada wanda ya sassauta bututun komon-rel inji na aiki don gwada silinda, yadda ake yi wa mai famfo. Man yana huda fata.

Oga Tirela:
Tambayarka ta biyu tawa ce, yaro. Inji mai taku huɗu yana juyi biyu, digiri 720, kafin kowace silinda ta buga sau ɗaya. Raba da shida, bugu na zuwa kowane digiri 120, jerinsa 1-5-3-6-2-4. Fistin na 1 da na 6 tare suke hawa, haka 2 da 5, haka 3 da 4, sai girgizar rabin gaba ta kashe ta rabin baya ba tare da an ƙara ko ƙarfe ɗaya ba. Karanshaf na zaune a kan metal (mazaunin da yake juyi a ciki) bakwai, kowane kwanrod yana da gurbinsa shi kaɗai. Kai ɗaya ko a jere, gefe ɗaya iska, gefe ɗaya hayaƙi da tobo, makaniki ya tsaya ya kai hannu ko'ina. WD615 na Howo, lita 9.7, wanda asalinsa zanen Steyr ne, Mack E7 mai lita 12, Cummins 6BT mai 5.9, duk wannan dalilin ne. Kan tirela yana da tsawon da zai ɗauka, to me za a je nema a V?

Injiniyan Bukuru:
Oga ya faɗi gaskiya, sai dai kada yaron ya ɗauka V gazawa ce. Matsalar jere tsawo ne. Da ka kai silinda takwas a layi a inji mai gudu, karanshaf ya fara murɗewa yana dawowa da kowane bugu, kuma akwai juyin da in ya zauna a kansa sai ya tsage a gindin gwiwa. Ko mai shida ma da damfa, mai shanye murɗewar, a gaban fuli saboda haka. Robarta ta tsufa ko man cikinta ya tsiyaye, karanshaf na iya karyewa alhali baƙin mai da metal lafiya lau. Don haka in ana son silinda 12 ko 16, dole a naɗe su gida biyu. Cummins KTA19 shida ne a jere, KTA38 V12, KTA50 V16, silindarsu kuma girma ɗaya ce. Caterpillar 3512 da 3516 haka. Manyan janaretan da suka haura kVA 1000 a asibitoci da masana'antu galibi irinsu ne.

Kusurwar V ma ba son rai ba ce. V8 digiri 90 take so, V12 digiri 60, don bugu ya zo daidai wa daida. V6 a kan digiri 90 sai an raba gurbin kwanrod gida biyu a karkace, wanda ke rage wa karanshaf ƙwari, a dizal kuwa ƙwari ake nema. Kuɗin gyara kuma ninki ne: kai biyu, gasket biyu, sau da yawa tobo biyu. 1VD na Land Cruiser V8 kik ɗinsa a cikin kwarin V yake, sai an kwashe kayan sama kafin a gan shi.

Mai silinda huɗu girgizarsa sama da ƙasa ce, sau biyu a kowane juyi, tana ƙaruwa da girman fistin. Shi ya sa ake sa wa manyansu sanduna biyu masu nauyi da ke juyi ninkin karanshaf. Mai uku yana rangaji gaba da baya. Mai biyar, irin OM617 na Marsandi 300D, bugu kowane digiri 144, tsaka-tsaki ne.

Mai Janareta, Rayfield:
Ku ba ni dama in sako abin da ya fi cin kuɗin mutane a garin nan. Jos tana kan tudun da ya haura mita 1200. Matsin iska a nan wajen kilofaskal 88 ne, alhali ƙarfin da ke rubuce a jikin inji an auna shi a kan 100 da zafin digiri 25. Inji marar tobo yana asarar kusan kashi ɗaya cikin ɗari a kowace mita 100. Janareta mai kVA 60, wato kilowat 48, ka ƙaddara 42 ko 43 gare ka. Ka ɗora masa 48, gwamna, wato na'urar da ke daidaita gudun inji, zai buɗe mai, iskar da za ta ƙone shi babu, sai baƙin hayaƙi, zafi, bawul ya ƙone. Wannan injin a Abuja, da ke ƙasa da mita 600, zai ja lodin da ya gagare shi a Rayfield. Mai tobo yana cike mafi yawan giɓin, amma tobon yana ƙara gudu, hayaƙi yana ƙara zafi, don haka a duba jadawalin kamfanin kafin a saya. Ruwa ma a nan digiri 96 yake tafasa. Murfin lagireto da ya saki ba ƙaramin abu ba ne.

Sai batun juyi. Wutarmu haz 50 ce. Altaneta mai fol huɗu juyi 1500 take so, mai fol biyu 3000. Ƙananan janaretan dizal masu 3000 sun fi araha don ƙarfen ya fi kaɗan, amma fistin yana yin hawa da sauka ninki biyu a awa ɗaya. Na jiran ko-ta-kwana ne, ba na kwana yana aiki ba. Wanda aka kawo daga Amurka kuwa haz 60 ne, juyi 1800. Ana iya sauke shi zuwa 1500, amma kusan kashi ɗaya cikin shida na ƙarfinsa ya tafi, fanka ta rage iska, kuma sai an sake saita gwamna da AVR, mai daidaita ƙarfin wutar altaneta.

Ɗan Koyo, Farin Gada:
Na gode, iyayen gida. To ai sai mutum ya sayi babba ƙwarai ya huta. Kuma Malam ya ce 1HZ mai taku huɗu ne. Ashe akwai dizal mai taku biyu?

Mai Janareta, Rayfield:
A'a, babba fiye da kima ma cuta ce. Dizal da ke yini ƙasa da kashi 30 na lodinsa silinda ba ta yin zafi, ringi ba ya zama, bangon silif ya yi santsi, sai ka ga baƙin ruwa mai kauri yana tsiyaya daga gaɓar salansa, a ce inji na shan baƙin mai. A auna lodi, a zaɓi wanda zai zauna tsakanin kashi 60 da 80 bayan an cire asarar tudu.

Malamin Fasaha:
Akwai masu taku biyu, kuma mafi girman injinan duniya su ne. Na ƙasa da aka fi sani Detroit Diesel ne, jerin 71 da ya fito a 1938. Lambar tana nufin inci kubik 71 na cikin kowace silinda, don haka 6-71 shida ne a jere, 8V71 takwas a V. Ba shi da bawul na shan iska. Ramuka ne kewaye da silif, fistin ya sauka ya buɗe su, bulowa ta tura iska ta kore hayaƙi ta bawul na sama. Ba kamar babur ba ne, ba a haɗa masa baƙin mai da mai, kuma ba bulowa ba ya ko tashi. Kowane juyi bugu ne, ƙarfi mai yawa a ƙaramin jiki. Abin da ya kayar da shi a kan titi: ringi na wucewa ta bakin ramukan yana jan baƙin mai cikin wuta, ga shan mai, ga dokar hayaƙi. Kamfanin da kansa ya fito da Series 60 mai taku huɗu a 1987. Wanda ya samu tsohonsa, baƙin mai SAE 40 zalla mai ƙarancin toka yake so.

Tunda yiwuwa ka tambaya, kusan duk fasalin da ka iya zanawa an taɓa ƙera shi. Akwai mai fistin biyu a silinda ɗaya suna fuskantar juna, babu kan inji sam: Jumo 205 na jiragen saman Jamus a shekarun 1930, da Napier Deltic na Ingila mai silinda 18 da karanshaf uku a jere kamar murhu, wanda ya ja jiragen ƙasa. Rasha ta yi Zvezda M503 mai silinda 42 a da'ira don jiragen ruwan yaƙi. Subaru ta yi dizal kwance a 2008. Duk sun yi aiki. Abin da ya hana su yaɗuwa, fistin ɗin da ke gefen hayaƙi yana dahuwa, giyoyin haɗa karanshaf sun yi yawa, gyara kuma sai ƙwararre. Wanda ya ƙi ba da kai shi ne Wankel mai juyawa: siffar ɗakin wutarsa doguwa ce siririya, ba ta kai matsin da dizal zai kama da kansa. Rolls-Royce ta gwada ta bari.

Oga Tirela:
Malam ka manta Deutz mai sanyaya da iska, F4L912 da F6L912. Ba lagireto, ba famfon ruwa, kowace silinda da kanta daban, a cire ɗaya a bar saura. Ga masu aikin dutse da haƙar rijiyar burtsatse ya dace. Sai dai ƙurar hunturu in ta haɗu da yoyon baƙin mai ta toshe haƙarƙarin silinda, ta baya ce ke fara ƙonewa. A riƙa hure su da iska, kada kuma a tashe shi ba murfin da ke jagorar iskar.

Ɗan Koyo, Farin Gada:
Maigida, to a mayar da injin fetur dizal fa? Ko a ɗaura wa 1HZ tobo?

Baba Mai Famfo, Dilimi:
Na farko ka cire shi a ranka. Fetur matsinsa 9 ko 10 ne, dizal ninkinsa. Fistin, fin, kwanrod, karanshaf, kusoshin kai, babu wanda zai ɗauka, ga babu wurin nozul, babu inda za a juya famfo. General Motors da duk kuɗinta ta gina Oldsmobile V8 mai lita 5.7 a kan zanen injin fetur a 1978, ta ƙarfafa bulok amma ta bar kusoshin kai yadda suke, ba ta kuma sa abin raba ruwa da mai ba. Gasket ya yi ta fashewa, zuwa 1985 aka rufe babin. In ana son dizal, a sauke injin gaba ɗaya a ɗora wani, da giyabos da ya dace da ƙarancin juyinsa.

Tobo a 1HZ ma ban goyi baya ba. Matsinsa 22.4 ne. Toyota da ta tashi sa wa wannan girman tobo, sai ta koma fesawa kai tsaye ta sauke matsi zuwa 18.6, shi ne 1HD-T. Da abin na da sauƙi ai ba ta sha wannan wahalar ba.

Injiniyan Bukuru:
Baba, a nan zan ɗan saɓa maka, da girmamawa. A gaɓar teku na yarda da kai. A Jos kuwa injin ya riga ya rasa fiye da kashi goma na iskarsa, tobo mai sauƙi mayar masa da ita kawai zai yi. Sharaɗin shi ne kada matsin ya wuce rabin bar, kada a taɓa sukurun mai sai kaɗan, a sa ma'aunin zafin hayaƙi kafin tobo, direba ya sassauta ƙafa in ya doshi digiri 700, lagireto kuma ya zama sabo ko wankakke. Abin da ke kashe su mai ne da aka buɗe don a ji mota na tashi.

Baba Mai Famfo, Dilimi:
Injiniya, a takarda haka ne. Wane direba ne zai kalli agogon hayaƙi yana tsakiyar Hawan Kibo da lodi? Kuma motar ba a Jos za ta tabbata ba, gobe tana Lokoja. Kan inji ya tsage tsakanin bawul da kogo, kuɗinsa ya fi na tobon.

Injiniyan Bukuru:
Wannan kam sai mai mota da ke tuƙa abarsa. Motar haya ko ta ofis, na bi bayanka.

Mai Janareta, Rayfield:
Akwai masu tambayar CNG, wato iskar gas da aka matse, tun da mai ya yi tsada. Hanya biyu ce. Ko a bar injin yadda yake, a shigar da iskar ta bakin shaƙa, dizal kaɗan ya riƙa kunna ta, wanda da wuya ya maye fiye da kashi 50 zuwa 70 kafin inji ya fara ƙwanƙwasa. Ko a canza fistin a sauke matsi zuwa wajen 11 ko 12, a sa fulogi a gurbin nozul, a sa maƙura a bakin iska. Na biyun ya daina zama dizal ke nan. Masu kogo ba su dace da ko ɗaya ba.

Mai Injin Niƙa, Katako:
Sannunku da ƙoƙari. Ku taɓo namu mana, masu silinda ɗaya. Lista da ɗan Chana wanne ya fi, kuma zai ja altaneta?

Malamin Fasaha:
Alhaji, Lister CS na asali doki 6 ne a juyi 650, na Indiya da ke kasuwa kwafinsa ne. Nauyi gare shi, ƙarfi kaɗan, amma saboda rashin gudu yana daɗewa. Na Chana kwance, irin S195 mai doki 12 a juyi 2000 da ZS1115 mai wajen doki 20 a 2200, lambobin ƙarshe faɗin silinda ne, milimita 95 da 115. S195 mai kogo ne, ZS kai tsaye yake fesawa, ya fi saurin tashi da sanyi. A nan ma ka cire kashi goma na tudu.

Zai ja altaneta, in an daidaita fuli. Raba juyin altaneta da na inji. Ga mai 2200 da altaneta mai 1500, 0.68 ne: fulin altaneta milimita 200, na inji 136. Gara ma ka sauke injin zuwa 1800 ka sa masa 167, ƙara da ci su ragu. Ga Lista kuwa 2.3 ne, shi ya sa ake ɗora bel a kan fulawil kansa. Bugunsa biyar da ɗoriya ne a daƙiƙa, za ka ga ƙwan lantarki na ƙyaftawa, kuma gwamnansa bai da saurin da kayan laturoni ke so. Ga niƙa da famfon ruwa da walda babu laifi.

Tukunyar ruwan da ke kan na Chana tafasa take yi, haka aka ƙera ta, a dai riƙa ƙarawa kafin ta sauka ƙasa da alama. In ta ƙafe, a kashe a jira ya huce. Ruwan sanyi a kan busasshen kai tsagewa ne nan take. Ruwan rijiya mai kanwa yana barin ɓawo a jikin silif, na sama ya fi.

Oga Tirela:
Ƙari ɗaya ga duk mai dizal, babba ko ƙarami. In baƙin mai ya samu hanyar shiga bakin iska, ta tobon da ya saki ko kwanon filtar iska da aka cika fiye da alama, inji zai ɗauki gudu da kansa, kashe makulli ba ya tsayar da shi. A toshe bakin iskar da katako ko faranti mai kauri, ban da tafin hannu, ban da tsumma. Mota mai giyar hannu kuma a sa babbar giya, a take birki, a saki kuloci.

Ɗan Koyo, Farin Gada:
Allah ya saka da alheri. Baba, gobe in zo da nozul huɗu na 5L a gwada?

Baba Mai Famfo, Dilimi:
Kawo su, kowanne da lambar silindarsa a jiki, ka haɗo da sababbin wosha na tagulla da na ƙasan nozul. Tsofaffin ba sa komawa.